Satina a Margate

Margate, Litinin

Yaya Oabile,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Masego da yara. Yaya gwiwar Mama?

Na iso, ni kaɗai. Ɗakin yana hawa na uku, na'urar hawa kuma ta lalace tun bara, da ma Mama ba za ta iya ba. Ka san don ita na sayi satin nan, wato sati ɗaya na Yuni a ɗakin nan kowace shekara, ta riƙa ganin teku duk shekara kafin ƙafa ta ƙi gaba ɗaya. Ranar da kamfanin da ke sayar da satukan ya tara mu da shayi da biskit, saurayin nan mai zaƙin baki ya ce mini, "Sista, ke da biyan otal har abada. In satin bai yi miki ba, ki canja, kamar canja riga." Yau na nemi su mayar mini Disamba, lokacin da asibiti ke ba ni hutu, suka ce sai na ƙara kuɗi. Ga kuɗin gyara da ake biya duk shekara sun sake tashi, a gidan da famfonsa ke tsiyaya.

Sanyin hunturun Yuni ya kori kowa daga bakin ruwa. Na kasa zama. In leƙa taga, in dawo, in dafa shayin da ba zan sha ba.

Ƙanwarka,
Kgomotso

Margate, Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ku duka, da fatan an tashi lafiya.

Dillalin da ya karɓi rand dubu huɗu don ya sayar mini da satin ya kashe waya. Na kai kukana wa maƙwabcina, Baba Ngcobo, tsohon malamin makaranta, ya yi dariya har da tari. "'Yata, karɓi nawa satin kyauta, in haɗa miki da akuya!"

Na je ofishin kamfanin. Yarjejeniyar ba ta da ranar ƙarewa. In na mutu, 'yata Lesedi za ta gaje ta. Matar da ke wurin ta ce za su yafe mini kuɗin bana in na ba su lambar wayar mutum biyar masu albashi da za su tallata wa. Na riƙe biro, Yaya, sunanka ne ya fara zuwa mini. Na ajiye na fito.

Don Allah nemo mini lauya a Mahikeng, kuma kada Mama ta ji.

Jiya ta kira, wai in kawo mata ruwan teku ta shafa a gwiwa. Na shiga har ƙugu cikin sanyin nan na cika jarka. Gobe zan rungumo ta a bas. A duk garin nan, ita kaɗai ce tawa da gaske.

Ƙanwarka mai kewarku,
Kgomotso