Ni Na Tsare Ragar, Sunan Wata Aka Rubuta

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

A Lafia nake. Lokacin da nake jami'a ina cikin 'yan matan farko da suka kafa ƙungiyar hoki ta makarantarmu. Ba ta ƙanƙara da ake gani a talabijin ba, wa zai ba mu ƙanƙara a zafin Lafia? Ta fili ce, da sanduna tsofaffi, maza na tsaye suna mana dariya. Ni ce mai tsaron gida. Shekarar da muka kai gasar jami'o'i sai na faɗi kwas biyu, dokar kuwa ita ce mai kariyoba ba ta wasa. Kocinmu, dattijo ɗan Doma da muke kira Baba Koci, ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, gola yana sa hular kwano, ba wanda zai ce ki cire. Ki shiga da katin Ladi." Ladi ƙawata ce ta ɗaki ɗaya, sunanta na cikin rajista amma ƙwallo ma tsoronta take. Na yarda, ba wanda ya tilasta ni. Alƙalan wasa suna duba fuskar kowa da kati, ni kuwa ina lulluɓe cikin kayan gola sai su ɗaga min hannu in wuce. A wasan ƙarshe na tare fenariti biyu muka ɗauki kofi. Shi ne kofi ɗaya tak da ƙungiyar ta taɓa ci har yau.

Shekaru na yi shiru, ban damu ba. Sai bana makaranta ta kafa kwamiti, aka ce za a rubuta tarihin ƙungiyar a yi biki a karrama mu. Na buɗe littafin da suka tsara, sai ga hoton Ladi shafi guda, wai gwarzuwar da ta tsare raga! Ni kuma an sa ni a ƙasa, mai kula da ruwan sha. Ruwan sha fa! Yatsana da ƙwallo ta karya har yau bai miƙe ba. Abin da ya fi ƙona min rai, na ji Ladi a gaban 'yan wasa na yanzu tana kwatanta yadda ta faɗi ta hagu ta tare fenariti. Ta dama na faɗi! Na same ta na ce, "Ladi, ba ki jin kunya?" Ta ce, "Ƙawata abeg, sunana ne a katin. Ki bar shi haka, kin san abin da zai faru in an tona."

Ranar na rubuta wa kwamitin takarda ba suna, na ce a binciki wanda ya tsare raga a wasan ƙarshe. Wannan ne laifina, kuma ban gaya wa kowa ba. Ni Ladi nake son ta ji kunya. Ban yi tunanin za su dakatar da bikin su ce in ta tabbata an yi maguɗi sai a mayar da kofin ba. Me sauran 'yan matan suka yi min? Su da suka sha rana tare da ni?

Jiya Baba Koci ya zo gidana da kansa, yana dogara sanda. Ya ce, "'Yata, wani mugu ya rubuta takarda a kanmu. Kwamiti zai kira ki Juma'a ki ba da shaida. Ke kaɗai na yarda da ke." Na kasa kallonsa, na ce to Baba.

Har yanzu in na tuna hoton nan raina tafasa yake. In na faɗi gaskiya kofinmu ya tafi, mutuncin dattijon nan ya zube. In na yi ƙarya, da bakina zan rantse cewa Ladi ce ta tsare ragata.

Jama'a, jibi ce Juma'ar. Me zan yi?