Ƙurar Injin da Ka Aiko wa Baba

Daga Babban Likitan Ƙirji, zuwa ga babban ɗan mai sassaƙa akushi. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Innarku ta samu sauƙin ƙafarta. Autanku kuwa yaro ne mai hankali da natsuwa, ban taɓa ganin irinsa ba.

Dalilin takardar nan shi ne injin goge akushi da ka aiko wa mahaifinka. Wajen aiki ba shi da laifi. Akushin da a da yake yini yana murza wa sanfefa da hannu, yanzu injin na juyawa zai kafa masa faifan sanfefar, ya fara da mai kaushi ya gama da mai laushi, nan da nan ya yi santsi. Sai dai ka zaɓi wanda ba shi da jakar zuƙe ƙura, ɗakin aikin kuma taga ɗaya gare shi. Ka san halinsa, in ya goge sai ya kafa baki ya hure cikin akushin, ya shafa a kumatu ya ji ko da sauran kaushi. An ba shi takunkumi ya rataye a ƙusa, wai shekara arba'in da bakinsa yake aiki, ba za a ɗaure masa shi da tsufa ba. Yanzu da gemu jawur saboda ƙura yake fitowa daga ɗakin.

Wata uku ke nan yana tari, ko Fatiha ba ya kaiwa ƙarshe sai ya tsaya. Shekaranjiya ya tofa a tsumma ya cusa ƙarƙashin benci. Innarku ta roƙe shi ya ajiye injin, ya ce kyautar ɗansa ce, sai wanda ya aiko ya ce a ajiye. Don Allah ka faɗa masa da bakinka, in da hali ka zo.

Ka gaida maiɗakinka da Kawu mai gyaran agogo da 'yan biyu.

Yaya, babu wani likita, Baba ko asibitin ya ƙi zuwa. Ni ne, auta. Na san in ka ga sunana a sama za ka ce shirmena ne na kullum, ka ajiye. Wannan karon likitan kaɗai ne ƙarya. Tsumman yana hannuna, ni na ciro shi, jini ne.

Ƙaninka, auta.