Gilashin da Baba Ya Rataye

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Ka tuna bincikenmu da mujalla ta buga, wanda Baba ya sa a gilashi ya rataye a falo? Masu mujallar sun gano an saka hoton gwaji ɗaya sau biyu, kamar gwaji biyu ne daban. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ne ya haɗa hotunan, amma sunana ne a farko. Jiya na gaishe shi bai amsa ba, ga izinin zamana a ƙasar nan a hannunsa.

Don Allah ka sauke gilashin nan. In Baba ya tambaya, kada ka ce fashewa ya yi. Ƙaryar da ke ciki ta isa.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka