Memori a baya, fayil a gaba

Laraba da dare, unguwar Morris Heights

Na kasa cin tuwon da matata, Maman Sadik, ta ajiye mini. Maganar ɗalibata Hadiza ce ta tsaya mini a rai.

Lissafin digirinta ya daɗe yana gudana a babbar kwamfutar jami'a, sai injin ya mutu. Ba ta damu ba, tunda akwai manhajar da ke adana hoton aikin lokaci-lokaci, don a ɗora daga inda aka tsaya. Yau ta shigo ofishina tana dariya: "Malam, ya tashi, har ya gama! Lambobin sun yi kyau."

Da na duba, sai na ga matsala. Shirinta yana rubutu kai tsaye cikin wani fayil da aka jona da memori, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar. Manhajarmu ba ta kwafe irin wannan fayil, sunansa kawai take riƙewa. Bayan hoton ƙarshe shirin ya ci gaba da rubutu a ciki, don haka da aka tayar da aikin memorin ya koma baya, fayil ɗin yana gaba, lambobin ba abin dogaro ba ne. Ko gargaɗi bai fito ba.

Na ce sai an sake daga farko, ko da ba za ta kammala bana ba. Sai ta ce, "Malam, Umma fa ta samu bizar zuwa nan. Har ta ɗinka kayan bikin yaye mu."

Da na ƙyale, babu wanda zai gane.

Ina cikin jirgin ƙasa saƙonta ya shigo: "Na sake kunna shi daga farko. Me zan ce wa Umma?"