Injin da Na Zaɓa a Shagon Moctar

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Maigidanmu Alhaji Mai Nasara ya tara mu a shantiye, wurin ginin da muke aiki, da safe. Ya ce daga yanzu an bar buga ƙusa da hama. Duk rufin kwanon da za mu yi da ƙusa mai zare za a ɗaure shi, don iskar farkon damina ta yaye mishi rufi bara a Baudeta, ya sha kunya. Duk mai son zama a sama ya nemo injin ɗaure ƙusa mai batir, nashi na kanshi, kamar yadda kowa ke da hamarshi. Wanda bai da, ya sauko ƙasa ya riƙa miƙo kwano.
Ni ya kalla sa'ad da ya ce ƙasa. Ko ni na ga haka.
Gaskiya ce ya faɗa game da iskar, ba zan yi mishi ƙage ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Hannuna na dama ya sake mutuwa. Babban yatsa da biyun da ke bi mishi, kamar an ɗaure su da roba. Na zuba shayi a ƙafata ban san kofin ya sulle ba. Babu wanda ya sani, kuma babu wanda zai sani. Tun ina saurayi nake bisa rufi, tun daga Dogonduci har nan Tasawa. A aikinmu mai miƙo kwano ko dai sabon shiga ne ko wanda ya ƙare. Ni ba sabon shiga ba ne.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ranar kasuwa. Na tafi shagon Moctar mai kayan aiki, ni da Inusa abokin hawana. Iri biyu ya fito da su. Ɗaya babba, baƙi, batir guda mai kauri kamar bulo. Ɗayan ƙarami, batir biyu sirara, a cikin jaka. Moctar ya ce ƙaramin ya ishi kwano, kuma a ƙauyen da babu kuran, wutar lantarki, batir ɗaya na wajen mai caji ɗaya na hannunka. Babban kuwa na masu kwance ƙafar mota ne. Ya ce in ɗauki babban in riƙe da hannu ɗaya in miƙa gaba, kamar ina bisa rufi.
Ban yi ba. Mutane sun taru, ka san yadda ake yi in ana gwajin inji a kasuwa. Kowa sai ya ɗaga ya ji nauyi, a kunna a saurari ƙara, wanda ya fi ruri shi ne inji. Wani mai amalanke ya ɗaga ƙaramin ya ce wannan ai na gyaran keken ɗinki ne. Aka yi dariya. Inusa bai damu ba, ƙaramin ya ɗauka, ya ce shi ba kokawa zai je yi ba.
Na ce ma Moctar zan dawo.

Talata, 15 ga Afrilu
Zara'u ta kira daga gida. Rufin ɗakinta yana yoyo tun bara, tana tambaya ko zan zo kafin ruwa ya sauka. Mai rufa ma mutane ɗakuna, matarshi na tara kwanoni ƙarƙashin yoyo. Na ce mata sai Layya. Ta ce diyarmu Munira ta daina tambayar yaushe zan zo.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Na sayi babban.
A bisa bencin Moctar na gwada shi, da hannu biyu, ina tsaye daram. Ƙusa ta shige katako kamar cikin tuwo. Masu zaman ƙofar shago suka ce ai usta, gwanin aiki, sai da wannan. Moctar ya ce, «Malam Lamine, a bisa benci ba a rufi.» Na ce mishi shekarun da na yi a sama sun fi shekarun shagonshi. Ya sa mini a kwali. Mutumin kirki ne, ya so ya sayar mini da mai araha na ƙi.

Asabar, 19 ga Afrilu
Nauyi gare shi.

Laraba, 23 ga Afrilu
Muna garin Maijirgi, rufin aji biyu na lakkwal, makarantar boko. A sama hannu ɗaya ke danne kwano kada iska ta ɗauke, ɗayan ke riƙe inji, kana duƙe, ƙafa bisa katako. Na san wannan tun kafin Moctar ya faɗa. In ƙusa ta kai ƙarshe injin sai ya fara dukan nan nashi, tatata, har cikin gwiwar hannu nake jin shi. Kuma ƙarfinshi ya yi yawa, kafin in saki yatsa ya matse robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar har ta fashe. Yatsan ne ba ya jin lokacin saki. Inusa ya bi layina da la'asar yana canza waɗanda suka fashe, yana yi kamar wani abu yake nema. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.
Batir ya mutu kafin azahar. Na kai wajen mai cajin waya a bakin kasuwa, ya ce wannan zai shanye mishi rana duka, sai wayoyin mutane sun cika tukuna. Na zauna bisa katanga ina kallon Inusa yana canza nashi batir kamar mai canza hula.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Na je likita bayan masallaci. Lokotoron ya matsa wuyan hannun, na ji kamar kuran ya ja ni. Ya ce jijiya ce ta matsu, in huta da duk abin da ke girgiza hannu. Na tambaye shi wa zai ci da gidana in na huta. Ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa. Shi ma gaskiyarshi.
Na biya ta shagon Moctar, na tsaya a tsallaken hanya. Masu zaman ƙofa suna nan. Na wuce.

Talata, 29 ga Afrilu
Muna garin Sarkin Hausa, rufin mangaza, ma'ajiyar hatsi ta gari. Ban san ta inda zan fara ba.
Hantsi ne, rana ta fara cizo. Ina gefen rufi wajen bakin kwano. Na ɗaure ƙusa, na ɗago, sai na ga injin yana tafiya bisa kwano shi kaɗai. Ban ji ya bar hannuna ba. Da ido kawai na gan shi. Ya sulala har baki ya faɗa.
A ƙasa akwai wata Bafulatana, Biba, mai kawo muna fura da nono, tana zaune a gindin bango tana dama ma magina. Tsakaninta da inda ya faɗi bai kai kamu ɗaya ba. Ƙwaryar nonon ya samu, ta tarwatse. Ta miƙe zane duk nono, ta ɗaga kai ta dube ni. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, «Baba, saura kaɗan da kaina ya samu fa.»
Baba. Ban san na kai a ce mini haka ba.
Na sauko, na ba ta haƙuri, na ce zan saya mata ƙwarya. Ta ce ƙwarya ba komai ba ce, tana da goyo a gida.
Injin ko tsagewa bai yi ba. Na danna, ya yi ruri kamar dā.

Laraba, 30 ga Afrilu
Alhaji ya zo bisa moto. Inusa ya riga ni magana, wai iska ce ta buge kwano. Alhaji ya ce in miƙo hannu. Ya sa mini ƙusa a tafi ya ce in rufe ido in ɗauke ta da yatsa biyu. Na kasa samunta.
Ya ce ba zai kore ni ba, amma ba zai ɗauki ran 'yar mutane a wuyanshi ba. Ƙasa, ko gida. Ya ce in yi tunani.
Na so in ƙi shi. Na nemi inda ya zalunce ni ban samu ba.

Asabar, 3 ga Mayu
Gida da wannan hannun? In je in zauna ƙarƙashin yoyon Zara'u in taya ta tara kwanoni. Na ɗauko wayar sau da yawa ban kira ba.
Inusa ya kawo ƙaramin injinshi ɗakinmu ya ce mu yi musaya, ko Alhaji zai sake shawara. Na riƙe da hannu ɗaya na miƙa gaba. Ba nauyi. Da wannan na ɗauka tun farko wataƙila da na kai damina a sama. Wataƙila kuma da sati biyu kawai zai ƙara mini. Na mayar mishi. Na ce ya riƙe nawa ma, ya yi amfani da shi wajen katakai masu kauri, can ne wurinshi.

Litinin, 5 ga Mayu
Na miƙa kwano yau. Na ɗan lokaci ne, kafin hannun ya dawo.
Daga ƙasa ana ganin layin ƙusa in ya karkace, abin da ba a gani daga sama. Sau biyu na ce ma Inusa ya koma hagu, ya koma. Alhaji ya ji, ya wuce.
Biba ta dawo da sabuwar ƙwarya. Ta zauna nesa da bango, can ƙarƙashin itacen bedi. Da ta dama, ni ta fara miƙo mawa. Ta ce, «Baba, zauna ka sha, na sama su jira.»
Na zauna. Akwai inuwa a wurin.