Faɗin Matakala

Nuzla, Jidda

Zuwa ga ɗana Mus'ab a Dammam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da matarka Bayan da yara kuna lafiya.

Tunda ka ce za ku dawo Jidda, na bar muku ƙasa, ni zan koma saman rufi. An gama ɗakin, saura matakala. Ka san gidan nan, in ka yi miƙa sai ka mari maƙwabci. Bilal mai walda ya ce ta ƙarfe mai murɗewa kaɗai za ta shiga lungun bayan kicin. Na ce ban yarda ba.

Ku hanzarta. Tun rasuwar mahaifiyarka, da fanka nake hira.

Mahaifinka,
Na'ibi

Baba,

Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi mai murɗewa ta fi, kowa ita yake sawa. Halas, shi ke nan, ka bar Bilal ya yi aikinsa. Maganar iƙama, takardar izinin zamana, tana hannun kafili, ubangidana na wurin aiki. Yara suna gaishe ka.

Ɗanka Mus'ab

Mus'ab,

Bayan gaisuwa, ba taurin kai ba ne. Ka tuna Abdulgani mai shayi? A ɗakinsa na sama ya rasu, matakalarsa kuma mai murɗewa ce. Makara ta ƙi shan kwana. A bargo aka naɗo shi, ana jan sa kamar buhun shinkafa, a kan idona. Ni ba za a sauko da ni haka ba.

Na sa an rushe rabin kicin ɗin mahaifiyarka don matakala ta miƙe. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Jiya ni da Bilal muka gwada ta da ƙyauren ƙofa, ya sauko lafiya lau. Yaushe za ku iso?

Allah ya yi maka albarka.
Na'ibi

Baba,

Ina gaisuwa. Kafili ya ƙi sakina. Bana ba zai yiwu ba, baɗi ma Allahu a'alam. Ka yafe mini, ya Baba.

Mus'ab

Ɗana,

Na yafe maka, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na koma sama, ƙasan ya yi mini girma.

An gama matakala. Mutum huɗu za su bi ta da makara, kafaɗa ba za ta taɓa bango ba. Bilal ya yi mini alkawarin kama gefe ɗaya. Saura uku.

Ka shafa mini kan yara.
Mahaifinka