Sawuna a Filin Aslaug

Litinin, 8 ga Janairu, 1894

Maigidana Halvard lafiya lau, ban da gwiwar nan tasa. Ni ma lafiya. Jar saniyar da ta ƙi ciyawa ta fara ci. 'Yarmu Aslaug ce ba lafiya, ko da yake in an tambaye ta sai ta ce ƙalau take. Tarin ya sauka ƙirji. Shekararta ashirin da takwas, ba zan iya ɗaure ta a gado ba.

Ita ta ba ni littafin nan, wai kada hannuna ya manta. Ita ce ma ta koya min riƙe alƙalami bayan na haura hamsin. To ga shi ina rubutu, ƙararta kuma nake kawowa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Filin bayan ɗakin ciyawa take zanawa. Ƙungiyar masu zane ta birni za ta rufe karɓar hotuna ran goma ga Fabrairu. Sau biyu suna dawo mata da nata.

Ta kafa doka: kada kowa ya taka filin, dusar ƙanƙarar ta zauna yadda ta sauko. Rijiya kuwa tana can ƙetare, sai mu bi ta jikin shinge, ninki uku na hanya. Halvard ya ce, "Gonar kakana, amma sai na nemi izini wurin mai buroshi." Ta ce, "Baba, kai dai zagaya, gwiwarka motsi take so."

Ba ta fita sai rana ta faɗi, wajen ƙarfe uku a hunturun nan. Wai lokacin ne ƙanƙara take komawa shuɗiya, rabin awa kacal. Fentin a cikin rigarta take sa shi don kada ya daskare. Ta yanke yatsun safar hannun da na saƙa mata.

Lahadi, 14 ga Janairu

Jini a hankicinta. Ta ce jan fenti ne. Na san warin fenti.

Laraba, 17 ga Janairu

Likita Brekke ya zo. Ya ce ba fita sai ƙanƙara ta narke. A bakin ƙofa ya ce min, "In ta ci gaba da tsayuwa a sanyin nan, fasto za ku kira, ba ni ba."

Dokinsa bai sha kwana ba ta ɗauki kwat. Na tare ƙofa. Ta ce, "Inna, kwana biyar suka rage min." Na ce kwana biyar na me, hoton ko ke? Ta ɗauke hannuna a hankali ta wuce. Hannunta zafi rau.

Juma'a, 19 ga Janairu

Ta fita. Ta dawo leɓenta irin launin abin da take zanawa.

Asabar, 20 ga Janairu

Na yi abin.

Da hantsi, tana barci, na ɗauki guga na ratsa filin ta tsakiya, har rijiya, na dawo ta nan. Ƙanƙara har gwiwa. Lissafina shi ne in filin ya ɓaci, ba abin da zai fitar da ita. Sama garau, ba alamar sabuwa za ta sauko ta rufe.

Halvard ya gan ni daga turken doki. Ya ce, "Gunhild, kin san abin da kika yi kuwa?" Na ce na sani.

Ban sani ba. Aslaug ta gani ta taga. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa kwat tun ƙarfe ɗaya. Ba ta taɓa daɗewa a waje kamar yau ba. Uban ne ya ɗauko ta a kafaɗa.

Talata, 23 ga Janairu

Zazzaɓi, kwana uku. Daga hannun babanta kawai take karɓar kunu. In na shiga sai ta lumshe ido.

Ya Ubangiji, ni na fitar da ita. Da ƙafata.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ban je coci ba. Bayan azahar ta kira ni, karon farko. Ta ce in je ɗakin zanenta in taɓa gefen hoton da bayan yatsa, in ji ko farin ya bushe. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai da tsintsiya.

Ga filin, ga shingen, ga rijiya can nesa. Ga kuma sawu ya ratsa tsakiya, kowane rami da inuwarsa. Ƙafar hagu tana ja, ta bar layi siriri tsakanin taku da taku. Har wurin da ruwan guga ya zube ta saka. Ban san haka nake tafiya ba.

Na dawo na ce bai bushe ba. Ta ce, "Wata biyu ina neman abin da babu a hoton nan, Inna. Ashe ke ce, kina ta zagaye." Na ce ni ɓatawa na je yi. Ta ce, "Na sani. Ko ɓarna ba ki iya ba." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe mata kwano.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Likita ya samo mata gado a asibitin masu ciwon huhu na kan dutse, ran ɗaya ga Maris. Ta ce ba inda za ta sai ta ji amsar ƙungiya. Su kuwa sukan kai Afrilu ba su amsa ba. Likita ya ce bayan Maris bai yi alkawarin komai ba.

Halvard na haɗa akwatin katakon da za a tura hoton a ciki. Daga gado take ba da umarni: a sa guntun toshiyar kwalba a kusurwa huɗu, kada murfi ya taɓa farin. Ya ce, "Ko ke da aka haifa ba a lallaɓa ki haka ba."

Ba ta iya riƙe alƙalami yanzu. Ni zan rubuta takardar da za ta bi hoton. Ni, zuwa ga mutanen birni.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Akwati ya tafi tasha. Takarda huɗu na ɓata kafin ta biyar.

Jiya sabuwar ƙanƙara ta sauko, ta shafe sawun. Yau ba wanda ya hana ni, amma ta jikin shinge na bi. Hanyar ta fi tauri ne kawai. Na ajiye guga na ɗan huta wajen ƙarfe uku. Shekara talatin da huɗu ina gidan nan, fara nake ce wa ƙanƙara. Ba fara ba ce.

Aslaug ta ce in rubuta sunanta a takardar, sunan hoton da girmansa, kada in ƙara komai. Na ƙara. Ba ta sani ba. Ga shi nan yadda na sa:

"Ni ce mahaifiyarta, ku yi haƙuri da rubutuna. Sawun da ke cikin hoton nawa ne, amma aikin nata ne, kuma mai kyau ne. Ko kun karɓa ko kun ƙi, ina roƙonku ku aiko da amsa kafin ɗaya ga Maris."